Shirun Shekara Goma Yakan Ci Gona

Da an yi ruwan shuka sai ƙofar dagaci ta cika da masu ƙara. Wannan ya ce maƙwabcinsa ya ture iyaka ya ci masa kunya biyu, wancan ya ce an shuke turbar da jakinsa ke bi da taki tun zamanin kakansa. In aka bi diddigi, yawancin rigimar nan shiru ne ya haife ta.

Ga yadda abin yake faruwa. Mutum zai yi tafiya, sai ya ba maƙwabci aron gona da baki, ba shaida. Ya komo, ya ji nauyin karɓa. A kwana a tashi su biyun su rasu, 'ya'ya su gaji gardama.

To, alƙalan shari'ar Musulunci a Arewa suna aiki da wani hukunci na Malikiyya, ana ce da shi hauzi. Watau in mutum ya riƙe fili shekara 10 yana nomansa kamar nasa, mai shi kuwa yana gari, yana gani, ba abin da ya hana shi magana amma ya yi shiru, ba a sauraron ƙararsa bayan nan. Tsakanin dangi akan kai shekara 40, don an san 'yan'uwa da kawaici. Aro da jingina da amana ba su shiga hauzi, amma fa sai an tabbatar da su. Wa zai tabbatar in babu shaida?

Hanya ma haka take. Wanda ya sayi gona ya tarar da turba ko burtali a cikinta, bai kamata ya toshe ba. Mai gonar da ke bayansa ba shi da fiffike, shanu kuma in sun rasa burtali cikin hatsi za su bi.

Saboda haka duk mai ba da aro ya kira mai unguwa da dattawa biyu, a rubuta, kowa ya riƙe takardarsa. A dasa gamba ko dashi a kan iyaka, a fitar da faɗin hanya a gaban jama'a. Dokar Filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar izinin riƙon fili a karkara, sai manomi ya nema tun ana zaman lafiya. Nauyin bakin yini ɗaya ya fi shekara uku ana zarya a kotu sauƙi. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.