Aljanin waje halal, na gida haram?

Akwai wata fatawa da babu malamin da ya ba da ita, ba ta cikin Iziyya, ba ta cikin Risala, amma ita ke aiki a makarantunmu da ƙungiyoyinmu na al'adu tun daga Dogon Dutsi har Tibiri. Fatawar cewa take: aljani in ya zo da jar fata yana Turanci ko Indiyanci, kallonsa nishaɗi ne, in ko ya zo da Hausar Arewa, sunansa Doguwa, to ambatonsa ma arnanci ne.

Ɗalibanmu sun haddace Merlin, wanda BBC ta nuna daga 2008 zuwa 2012, kamar yadda muka haddace tatsuniyar Gizo. Suna maimaita Supernatural, mai kashi 327, da Naagin na Indiya, inda mace ke rikiɗa maciji, suna tura wa juna daga waya zuwa waya, uwaye na zaune suna gani. Ba wanda ya ɗaga murya. Amma bari malami ya ce a bikin ƙarshen shekara yara su yi wasan kwaikwayo a kan dutsen Tunguma na Lugu. Nan take fuskoki za su canja, a ce masa ya nemi wani batu, kada uwayen yara su taso. Na ga an kashe irin wannan shawara a taron malamai cikin minti biyar, kuma wanda ya fi kowa zafi a kanta shi ne mai ba abokan aiki labarin kashin da ya kalla jiya da dare.

To mu sake duban abin da ake bari ya wuce. A 1996 shirin X-Files, wanda masu Faransanci suka sani da Aux frontières du réel, ya fito da wani kashi mai suna Teliko. Baƙaƙen fata na ɓacewa a birnin Filadelfiya, a tsinci gawarsu ta koma fara fat. Mai kisan wani baƙo ne da ya zo daga Burkina Faso, yana zuƙe wani abu daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwar mutane don ya rayu, yana lanƙwashe jikinsa ya ɓuya cikin bututu kamar ɓera. Sunan kuwa daga iskokin Bambara aka aro shi. Abin da mai kallo zai tashi da shi guda ne: iskar Afirka cuta ce da ke shigowa ta jirgin sama, sai a tsare iyaka. A 2007 kuma Supernatural ya taɓo aljani da kansa, halittar da Alƙur'ani ya ba sura sukutum. Sai ga shi an mai da shi wani mai zane a jiki da ke rataye mutane cikin kango yana tsotse jininsu, ba ya mutuwa sai da wuƙar azurfa da aka tsoma a jinin ɗan rago. In da gaske kishin aƙida ne ke hana wasan Tunguma, a nan ya kamata a ji kururuwa. Ba a ji ba. Ashe abin da ke damunmu kunya ce, kunyar a tuna cewa kakanninmu Azna ne.

Akwai hujja ɗaya mai nauyi a hannun masu hani, ba zan yi kamar ban ji ta ba. Suna cewa Merlin ba shi da mabiya a Matankari, ba wanda zai yanka masa baƙin bunsuru. Doguwa kuwa tana nan kusa, ƴan bori ba su ƙare ba, yaron da ya taka rawarta a dandali yana iya zarcewa. Gaskiya ne kusancin ya bambanta. Amma wanda ya ce ba da labari bauta ce, sai ya fara da kwashe littattafan da muke koyar da Hausa da su. Gandoki na Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, rabinsa a ƙasar aljannu yake, marubucinsa kuma malami ne ɗan malami. Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Abubakar Imam cike suke da abubuwan al'ajabi. A 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, ya ɗauki yaro ya kai shi sararin sama tare da wani baƙo daga wata duniya, shekaru da dama kafin yaranmu su san akwai abin da ake ce wa almarar kimiyya. Tsara bayan tsara sun karanta waɗannan, ba su daina salla ba. Yaron da ya san cewa Tunguma dutse ne da mutanen da suka riga mu suke kai wa ƙara in an rasa mai gaskiya, ya kuma iya tambaya me ya sa al'umma ke bukatar alƙalin da ba ya karɓar toshi, wannan yaro ya fi tsira daga camfi bisa wanda aka ce wa kul, ya tafi yana jin tsoron abin da ba a gaya masa ba.

Laifin bai tsaya kan masu hani kaɗai ba. Mu masu koyar da Faransanci muna da namu kason, kuma ya fi wayo. Mun karɓi Sarauniya Mangu hannu biyu, amma sai da muka wanke ta tas daga iskokinta. Littafin Abdoulaye Mamani ya fito a 1980, fim ɗin Med Hondo a 1986, ya ci babbar lambar FESPACO a 1987. Sunanta na jikin lise a Doso, yana jikin gidan rediyo a Yamai. Muna koya wa yara yaƙin Lugu na Afrilun 1899 da rundunar Voulet da Chanoine, su rubuta a takardar jarrabawa cewa jaruma ce da ta ƙi mulkin mallaka, su sami maki. Amma wace ce ita a idon mutanen Lugu? Mace ce da ke riƙe da alkawarin da ke tsakanin mutane da ƙasa, tana zaune cikin bukkarta tana kaɗi, ƙarfinta duka daga wannan alkawari yake. Antoinette Tidjani Alou ta jami'ar Yamai ta yi rubutu a kan tazarar da ke tsakanin Sarauniyar littafi da ta Lugu. Fim ɗin ma a Burkina aka ɗauke shi, kuma Sarauniyar cikinsa ba Hausa take yi ba. Wato mun yarda da ita a matsayin gunkin kishin ƙasa, mun ƙi ta a matsayin Bazna. Tun 2006 Nijar ta sa Lugu cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su, ga shi ɗalibin da ke zaune tafiyar ƴan sa'o'i daga wurin bai san me ake nufi da tarkama ba.

Tarkama kuwa, wane marubucin Amurka ne zai same ta ya bari? Sarauniya ta rasu. A ɗauki gawarta a kafaɗa, gari ya taru ya yi tsit, mata na tsaye kowace zuciyarta na dukan uku-uku, masu ɗaukar makara na tangaɗi, sun ce ba su ke tafiya ba, gawar ke jan su, har ta je ta tsaya gaban wadda za ta gaje ta. Wadda aka nuna ta bar rayuwar da ta sani ke nan. Tana so? Mijinta fa, da ƴaƴanta? Masu ɗaukar, akwai wanda ya raɗa musu wani abu daren jiya? Ga tsoro, ga siyasa, ga tausayi, duk a yini ɗaya. Mai imani da abin da mai shakka duka suna da wurin tsayawa cikin labarin, kuma malami na iya barin ɗalibai su yi gardama a kai har a buga ƙararrawa.

Abin haushi, baƙi sun daɗe da ganin wannan arziki. Marc-Henri Piault ya buga tarihin Mawri a 1970. Éliane de Latour ta yi fim a fadar Samna ta Tibiri. Adeline Masquelier ta fitar da littafi guda a 2001 a kan borin Dogon Dutsi, da Ingilishi. Jikan mai abin sai ya koyi harshe na uku kafin ya karanta labarin kakarsa. Kuma ba a ce ɗan Nijar bai taɓa gwadawa ba: Moustapha Alassane ya yi Toula a farkon shekarun 1970, labarin yarinyar da aka ba aljanin ruwa don fari ya yanke, da kayan aikin da ba su kai wayar da ke aljihun ɗalibin aji huɗu ba.

Ga abin da nake nema daga ƙungiyoyinmu. A bana kowace ta ɗauki labari ɗaya, na Lugu ko na Bagaji ko na wata tsohuwar rijiya da ake tsoro a ƙauyensu, ta je wurin masu abin da sallama da goro, ta tambayi abin da aka yarda a faɗa, ta bar abin da aka ce a bari. A rubuta shi da Hausar Arewa yadda tsofaffi ke furta ta, kada a goge ta ta koma ta Kano. Kashi na minti goma ya isa, da waya biyu da fitila mai caji. Shugaban makarantar da zai hana kuma, ya rubuta dalilinsa a takarda ya sa hannu, mu buga shi a wannan shafi kusa da jerin finafinan da ke cikin wayoyin ɗalibansa.