Kada Jirgin Kano Ya Tsaya A Bakin Ganuwa

Tun 1911 dogo ya iso Kano, ya biyo ta Madobi da Chalawa, maƙwabtanmu ke nan. Amma har yau a bayan mota manomin Kura da Bunkure yake ɗora tumatirinsa. A 2016 gwamnatin Ganduje ta sa hannu da kamfanin Sin a kan jirgin cikin gari na dala biliyan 1.85. Wa'adinta ya cika a 2023, ba a ga jirgi ba. A 2021 kuma Shugaba Buhari ya aza harsashin layin Kano zuwa Kaduna, da na Kano zuwa Maraɗi.

Waɗansu suna cewa jirgin fasinja ba ya mayar da kuɗinsa, don haka gwamnati ta tsame hannunta. Gaskiya ne, da wuya kuɗin tikiti ya biya aikin. To, madatsar Tiga fa? Da Gwamna Audu Baƙo ya zauna jiran ɗan kasuwa ya gina ta, da yanzu ba shinkafar Kura, ba tumatirin Kadawa, da rani kuwa sai cin rani. Kuɗin jama'a ne suka jawo mana ruwan nan, Musulmi da Kirista muna ban ruwa daga hanya ɗaya. Haka ya kamata a yi da dogo.

Damuwarmu ita ce kada a zana layin don mutanen birni kaɗai. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota ya fi ƙarfin lebura da ɗalibi da matar da ke kai kayan miya Yankaba. Tumatir kuwa ba ya jiran ciniki. Wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Gafan lokacin da kaya suka yi yawa ya san warin asara.

Ba mu roƙi abin alfarma ba. Tasha muke so kusa da mu, da jirgin safe da na yamma, da tarago ɗaya na kwanduna.

Sai maganar bashi, tun da 'ya'yanmu ne za su biya. A majami'a, ma'aji yakan tashi gaban kowa ya karanta lissafin baiko har kwabon ƙarshe. Muna so wakilan Kura da Bunkure da Garun Malam a majalisa su nemi a karanta mana na jirgi haka: nawa aka ranto, wa aka bai wa aikin, kuma ina za a sa tasha.