Daga Rajistar Aji Aikin Ƙididdiga ke Farawa

Ƙididdiga ita ce tattara alƙaluma da tsara su da fitar da ma'ana daga cikinsu, domin a yanke shawara bisa hujja. Sana'a ce da ake cin abinci da ita, amma yawancin iyaye likita ko lauya ko injiniya kawai suke yi wa 'ya'yansu fata. Akwai gyara a wannan tunani.

A dubi Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro daga Jihar Kano a 1991, mai ƙananan hukumomi 27. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da miliyan 4.3, sannan aka ɗage wadda aka shirya yi a 2023. Don haka duk mai niyyar gina aji a Kafin Hausa, ko raba taki, ko kai agaji bayan ambaliya irin ta 2022, da kiyasi yake aiki. Idan kiyasin ya karkace, wani ƙauye ne zai rasa rabonsa.

Wuraren aiki kuwa suna da yawa: Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da Hukumar Ƙidayar Jama'a, da ma'aikatun lafiya da ilimi a Dutse, da bankuna, da kamfanonin sadarwa. Wurin karatu ma ya matso kusa, domin ana koyar da lissafi da kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, wadda aka kafa a 2013.

Ɗan ƙasa yana da fifiko a wannan aiki saboda harshe. Kalmar "gida" takan ɗauki magidanta da yawa a cikin katanga ɗaya, kuma uwa takan yi kunyar ambaton ɗan fari. Wanda bai san wannan ba zai cike takarda da kuskure, kwamfuta kuma ba ta gyara abin da aka ɓata tun daga zaure.

A nan ne nauyi ya hau kan malami. Daga rajistarsa ake haɗa ƙidayar makarantu ta shekara-shekara. Idan ya ƙara sunaye, ya zalunci wata makaranta wajen rabon littattafai da malamai. Ya kamata ya tsare gaskiyar rajista, ya kuma sa ɗalibai su lissafa masu fashi ranar kasuwa da lokacin girbi, su zana jadawali, su faɗi dalili. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.