Mu Daina Dafa Suga da Agogo



Duk shekara da zarar ruwa ya zauna, wajen Yuli zuwa Agusta, kukan masu alawa iri ɗaya ne. Wannan ta yi alawar gyaɗa da daddare, ta yanka ta jera a tire, da safe ta tarar duk ta manne tana naso. Waccan tuwon madararta ya ƙi kamewa, wuƙa na shiga yana bin ta. Wata kuma garin gudun danƙo ta ƙara wuta, ilokarta ta fito kamar tsakuwa, yaro ya ciza ya dawo da ita yana neman kuɗinsa. Da yawanmu tukunya ɗayar nan ita ce jarin gaba ɗaya. Daga ita za a fitar da kuɗin adashe da kuɗin tarar yara, daga ita kuma za a sayi suga da madarar gobe. Idan ta lalace, sai a koma cin bashi a shago.

Idan haka ta faru, mun san inda muke kai zargi. Mu ce madarar ce ba ta da kyau, ko an canza suga, ko wance ba ta da hannu, wasu ma har su ce baki ne ya kama sana'ar. Mu a ganinmu, mafi yawan wannan asara daga abu ɗaya take: yawan ruwan da ya rage a cikin suga lokacin da muka sauke, da wanda ya sake shiga bayan mun sauke. Kuma abin da ya sa muke kasa kama shi, mun koma dafa suga da agogo. A ce mana "ki bar shi minti goma," mu kuma mu bi ido rufe.

Minti goma a kan gas ba ɗaya ba ne da minti goma a kan gawayi ko risho. Tukunya mai faɗi tana fitar da ruwa da sauri fiye da mai zurfi. Kofi biyu na suga da mudu guda ba za su nuna lokaci ɗaya ba. Abin da ke nuna inda suga ya kai shi ne zafinsa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, kuma ba ya wuce nan. Amma idan da suga a ciki, duk sanda ruwan ya ragu sai zafin ya hau. A digiri 112 zuwa 116 suga yana matakin da zai ba da abu mai laushi da ke yankuwa, irin tuwon madara. Daga 118 zuwa wajen 130 ana samun abin taunawa mai ɗan ja, irin iloka. A 149 zuwa 154 kusan babu sauran ruwa, nan ne alawar gyaɗa da kantun riɗi ke samun ƙaras-ƙaras. Daga 160 zuwa sama suga ya fara yin ja, in aka yi sake kuma sai ɗaci. Wadda ta sauke alawar gyaɗa a 135 za ta sha danƙo, wadda ta kai ruwan tuwon madara 130 kuma zai yi tauri ya riƙa marmashewa.

Za a ce ai kakanninmu ba su da ma'aunin zafi, kuma alawarsu ba ta ba su kunya ba. Gaskiya ne. Sai dai su ma ba da agogo suka yi ba, da ido da yatsa suka yi, bayan shekaru suna zaune gefen murhu. Ma'aunin da kowa ke iya mallaka shi ne kwanon ruwan sanyi. A sauke tukunya daga wuta tukuna, domin a ƙarshen dahuwa zafi na hawa da gudu, sannan a ɗiga kaɗan a ruwan a ɗauko da yatsa. Idan ya watse, da saura. Idan ya dunƙule amma yana lotsewa tsakanin yatsu, na tuwon madara ya yi. Idan ya dunƙule da ƙarfi yana riƙe siffarsa, na iloka ne. Idan ya yi zare ya karye ƙas kamar gilashi, a zuba gyaɗa ko riɗi. A riƙa canza ruwan duk gwaji, don idan ya yi ɗumi zai yi mana ƙarya. Wadda take da ma'aunin ma ta fara gwada shi a tafasasshen ruwa. A gari mai tudu irin Jos ruwa na tafasa wajen digiri 96, don haka sai ta rage kusan huɗu daga duk lissafin da ke sama.

Ko an dafa daidai, aiki bai ƙare ba, domin suga yana jan danshi daga iska. Shi ya sa alawar da ke kwana a buɗe lafiya lau a watan Janairu, lokacin hunturu, take narkewa a Agusta. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Da damina a kai alawa mai ƙaras-ƙaras can ƙarshen matakinta, a guji yin ta ana tsaka da ruwa in da hali, kuma da zarar ta huce sosai a ƙulle ta a leda a saka a roba mai murfi. Kada a ƙulle da sauran ɗumi, gumin da zai taru a ledar shi zai jiƙa ta. Gyaɗa da riɗi a soya su su bushe ƙayau kafin su shiga. Firji kuwa, da muke ɗauka mafaka ne, yana cikin masu ɓata mana kaya: ana fito da alawa mai sanyi cikin iska mai ɗumi sai raɓa ta kwanta a kanta, balle a ce wuta ta ɗauke cikin dare. Da hunturu matsalar juyawa take, tuwon madara ne ke bushewa ya tsage idan aka bar shi a buɗe.

Sai maganar lemon tsami, wanda yawancinmu ke matsawa ba tare da sanin aikinsa ba. Tsami yana raba wani sashe na suga gida biyu, gulukos da furuktos, hakan ne ke hana alawa komawa yashi-yashi. Amma furuktos ya fi suga kwaɗayin danshi, don haka idan tsamin ya yi yawa alawa ba za ta daina danƙo ba komai dahuwarta. 'Yan ɗigo sun isa. Yashi-yashin kuma yakan fara ne daga ƙwayoyin sugar da suka maƙale a gefen tukunya. A juya har suga ya narke, daga nan a rufe murfi na ɗan lokaci tururi ya wanke gefen, sannan a daina juyawa, sai dai in da madara a ciki, wadda ita dole a juya ta a wuta kaɗan don kada ta kama.

Wadda ta riga ta lalace ma ba lallai a zubar ba. Alawar gyaɗa mai danƙo ana iya mayar da ita tukunya da ruwa kaɗan, ta narke a sake dafawa har ta karye a ruwan sanyi. Tuwon madara da ya yi tauri a marmasa shi, a yayyafa madara mai zafi kaɗan-kaɗan a kan wuta maras ƙarfi har ya haɗe. Wanda ya ƙone ya yi ɗaci ne kawai ba shi da gyara. Kuma don Allah a nisanta yara daga murhu, domin narkakken suga ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, ga shi yana manne wa fata.

Roƙonmu na ƙarshe ga waɗanda suka iya ne. Mun san masu cewa faɗin sirrin sana'a kashe kasuwa ne, shi ya sa suke ba da awon suga da madara su riƙe maganar mataki. Amma uwar da yaronta ya sayo alawa mai danƙo sau biyu, hana shi sayen ta gida za ta yi baki ɗaya, ta koma ta kanti, mai iyawa da maras iyawa duk su yi asara. Duk wadda za ta koyar, ta faɗi yadda ɗigon zai kasance a ruwan sanyi, ta faɗi irin wutar da ta yi amfani da ita, ta kuma faɗi ko da damina ta yi ko da rani. Mu kuma masu koyo, kafin mu ɗora tukunyar gaba mu fara ajiye kwanon ruwan sanyi a gefen murhu.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya kare mana jarinmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.