Hawayen da bidiyo ke jawowa, ina suke zuwa?

Ƴan uwa matasa, kowa ya san wannan bidiyon, ko da fuskokin sun bambanta. Uwa ce riƙe da yaro, haƙarƙarinsa duk a waje, tana kallon kyamara. Kafin minti ɗaya ya cika ƙirji ya yi nauyi, an rubuta "Allah sarki", an tura wa rukuni biyar a WhatsApp. Tausayi ne na gaske, babu mai musu. Matsalarsa ita ce inda aka juya kyamara nan yake bi.

Mu tuna 2005. Daminar 2004 ba ta yi kyau ba, farin dango suka ƙara da nasu, hatsi ya yi tsadar da talaka ba ya iya saye. A watan Mayun 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala miliyan 16 don Nijar, amma masu bayarwa suka yi shiru. Sai a watan Yuli, da BBC ta nuna yara masu tamowa a Maraɗi, kuɗi suka fara shigowa cikin ƴan kwanaki. Yunwar nan tana nan tun kafin Yuli, takardu sun faɗa, ƙididdiga ta faɗa. Duniya ta jira sai da ta ga fuska.

Masana sun auna wannan hali. A 2007 Deborah Small, George Loewenstein da Paul Slovic sun wallafa wani bincike: an nuna wa wasu hoto da labarin Rokia, yarinya ƴar shekara 7 daga Mali, wasu kuma aka ba su adadin miliyoyin masu fama da yunwa a Afirka. Waɗanda suka ga Rokia sun fi bayarwa. Da aka haɗa labarinta da alƙaluman, sai kyautar ta ragu. Zuciya tana gane mutum ɗaya, miliyan kuwa lamba ce gare ta. Bidiyo ya fi hoto ƙarfi, don akwai murya, akwai kuka, wani lokaci har da kiɗa mai sa jiki ya yi sanyi. Facebook da TikTok kuma abin da ya fi tada hankali suke turawa gaba.

To, ga abin da hakan ke haifarwa. Wanda ke ƙauyen da babu rezo, ko ɗan gudun hijirar Diffa da Tillaberi da babu mai ɗaukarsa, kamar ba ya nan. Maƙaryaci kuma ya gano ƙofar: ya ɗauko tsohon bidiyo na wata ƙasa, ya manna lambar aika kuɗi, ko ya ce ƙabila kaza ce ta yi wa ƙabila kaza. Sannan shi yaron da aka ɗauka tsirara a gadon likita, wa ya nemi izinin uwarsa? Zai girma, bidiyon yana nan a intanet.

Ba cewa nake mu taurara zuciya ba. Bidiyon da wata yarinya ƴar shekara 17 ta ɗauka a Minneapolis ta Amurka ranar 25 ga Mayun 2020 shi ya nuna wa duniya yadda aka kashe George Floyd. Amma ba kallo kaɗai ya sa kotu ta kama ɗan sandan da laifi a 2021 ba. Mutane sun fito, lauyoyi sun yi aiki, ƙungiyoyi sun bi maganar wata da watanni.

Haka ya kamata mu riƙa yi. In bidiyo ya taɓa ka, kafin ka tura, tambayi yaushe ne, ina ne, wa ya ɗauka. In gaskiya ne, nemi wanda ya san gidan, ka ba da jikka ɗaya ta hanyar da ka amince da ita. In kai ne mai ɗauka, nemi izini, ka rufe fuskar yaro. Sannan ka tambayi kanka mutum nawa ne ke cikin irin wannan hali a unguwarku, kuma wace hukuma ce aikin ya rataya a kanta. Ka je ka same ta, ku biyu, ku goma, kuma ku koma bayan sati biyu, lokacin da kowa ya riga ya wuce zuwa wani bidiyon.