Kaftani ranar Juma'a, gwanjo sauran kwanaki: ina makomar telan Lambara?

A Lambara da ƙauyukan da ke tsakanin Boɗinga da Shagari, matashi yakan sa kaftani da hula ranar Juma'a, sauran kwanakin kuma sai rigar ƙwallo ko gwanjo. Ba a ga laifinsa ba: yadi ya yi tsada, ga kuɗin ɗinki.

Amma tela ne ke kwana ciki. Kekensa ba ya motsi sosai sai gab da Sallah ko biki, yaran shago kuma suna watsewa zuwa kabu-kabu. Shi ma mai rigar bai tsira ba, domin a watan Afrilu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, rigar ƙwallo kuwa zaren roba ce, ba ta shan gumi kamar auduga.

Mutanen Ayalan, maƙwabtan Birtaniya, ƙasarsu ta ruwa da sanyi ce. Rigar ulu ta tsibiran Aran ta dace da yanayinsu, shi ya sa har yau suke sa ta, baƙi kuma suke saye su kai gida.

Wannan yanki ma ya taɓa jan zare. Daga 1979 zuwa 1983, hular Shugaba Shehu Shagari ta zama abin yayi a Najeriya, har ta ci sunansa.

Gyaran yana hannun teloli: su fito da gajeren kaftani na auduga, marar aiki, mai araha, wanda za a shiga gona da kasuwa da shi. Tufar da ba a sawa kullum ba ta ciyar da mai ɗinka ta.