Tsawon rai ya ƙaru a Afirka, amma wa zai riƙe tsohon zango?

Alƙaluman da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2024 sun sanya Najeriya da Cadi a ƙarshen jerin ƙasashen duniya wajen tsawon rai, inda ake ƙiyasta wa jaririn da aka haifa shekara 54 zuwa 55. A Nijar adadin ya ɗan haura 60, a Kamaru yana dab da 64, a Ghana kuma ya zarce 65.

Mutane da dama kan ɗauki wannan lissafi a matsayin wa'adi, wato duk wanda ya kai hamsin ya fara haɗa kayansa. Ba haka abin yake ba. Adadin matsakaici ne, kuma mutuwar ƙananan yara ce ke jan sa ƙasa. Idan aka haifi jarirai biyu, ɗaya ya rasu kafin yaye, ɗaya ya kai 80, lissafi zai ba kowannensu kimanin shekara 40. A waɗannan ƙasashe, wanda Allah ya kai shi 60 ana sa ran ya ƙara wajen shekara 15 a gaba. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne wanda zai ciyar da shi, ya kuma saya masa magani a tsawon waɗannan shekaru.

Ci gaban da aka samu ba ƙarami ba ne. A 1990 kusan yaro ɗaya cikin uku a Nijar ba ya kai shekara biyar. Yau adadin ya koma wajen ɗaya cikin tara, albarkacin allurar riga-kafi, gidan sauro da tsarin kula da ƙananan yara kyauta da aka fara a 2006. A rahotonta na 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce shekarun da ɗan Afirka ke yi cikin ƙoshin lafiya sun tashi daga 46 a shekarar 2000 zuwa 56 a 2019, yayin da matsakaicin duniya ke kan 64.

Sai dai cututtukan da ke jiran mutum bayan hamsin daban suke da zazzaɓin da ake sha wa magani kwana uku a miƙe. Hawan jini, ciwon suga, ciwon ƙoda da shanyewar ɓarin jiki abokan zama ne, kuma kuɗinsu wata-wata ne. OMS ta bayyana a 2023 cewa ɗaya cikin manya uku a duniya na da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Hukumar na ba da shawarar kada gishirin da mutum ke ci ya kai giram 5 a rana, abin da ke da wuya a gidan da ake jefa magi huɗu ko biyar a tukunyar miya, a kuma bi da shayi mai kaurin suga.

Lamarin ya fi shafar Hausawan da ke zaune a zangonni, daga Briqueterie ta Yawunde da New Bell ta Duwala zuwa Nima ta Akra da Adjamé ta Abijan. Akasarinsu mahauta ne, masu tsire da kilishi, dillalan shanu, ƴan goro, teloli da direbobi. Ba su da albashi, balle fansho. Tsarin da suka gada shi ne ƴaƴa su riƙe uba, yaran kanti su ci gaba da juya jari, a kuma gina gida a garin asali domin ranar komawa. Wannan tsari bai mutu ba, amma ya yi rauni. Haya ta yi tsada, ƴaƴan da ake dogaro da su na fama da nasu iyali, sannan jinya guda mai tsawo kan cinye jarin da aka yi shekara talatin ana tarawa.

Gwamnatoci sun buɗe wasu ƙofofi. A Kamaru, asusun CNPS ya fara karɓar masu sana'ar kansu tun 2014, su riƙa zubi da kansu domin fansho. A watan Afrilun 2023 ƙasar ta ƙaddamar da zangon farko na inshorar lafiya ta kowa da kowa, CSU, wadda ta mayar da kuɗin wankin ƙoda sefa 15,000 a shekara. A Kodebuwa, tsarin CMU ya ƙayyade kuɗin zubi a kan sefa 1,000 a wata. A Ghana, inshorar NHIS da aka kafa a 2003 ta yafe wa masu shekara 70 zuwa sama kuɗin zubi, kuma a 2023 asusun SSNIT ya ƙaddamar da shirin jawo masu sana'ar kansu.

Amma shiga waɗannan ƙofofi na da nasa sharuɗɗa. Na farko takarda. Dattawa da yawa a zango an haife su a gida, ba su da takardar haihuwa, kuma wanda ba shi da ita kan sha wuya kafin ya samu katin ɗan ƙasa. Wasu kakanninsu ne suka zo fatauci shekara ɗari da suka wuce, amma har yau ana tambayarsu asali a gaban tebur.

Na biyu lokaci. Fanshon CNPS na buƙatar zubin wata 180, wato shekara 15.  Wanda ya jira sai gwiwa ta fara ciwo ya makara. Da sanyin safiya ake kama fara.

Na uku iyaka. Katin NHIS ba ya aiki a asibitin Tawa, na CMU ma ba ya aiki a Maraɗi. Ƙasashen ƙungiyar CIPRES sun amince da yarjejeniyar tsaron zamantakewa a Dakar a 2006 domin ma'aikaci ya tafi da haƙƙinsa idan ya sauya ƙasa, sai dai Ghana da Najeriya ba sa cikinta. Saboda haka tsohon da ya yi niyyar ƙarasa rayuwarsa a gida na iya barin kariyarsa a baya a daidai lokacin da ya fi buƙatarta.

Zangonni dai na da abin ginawa a kai: adashi, ƙungiyoyin mahauta da na direbobi, asusun masallaci, da sarakunan Hausawa da hukumomi ke sauraro. Waɗannan kan haɗa kuɗin biki da na jana'iza cikin yini guda. Da za su ware kaso domin yi wa mambobinsu rajista a ƙungiyance, su nemi alƙalai su zo unguwa a yi wa marasa takarda shaidar haihuwa, su kuma ajiye na'urar awon jini a ƙofar masallaci ranar Juma'a, da an rage yawan gidajen da ciwon uba ke mayarwa baya.

Rai da ajali na hannun Allah, kuma babu mai musun haka a zango. Amma yaran da riga-kafi ya ceto a shekarun 1990 yanzu sun haura talatin, suna tsakiyar ƙarfinsu a kasuwa. Matakin da suka ɗauka cikin shekara goma masu zuwa, su da shugabannin unguwanninsu, shi zai nuna ko za su tsufa da katin fansho a aljihu ko da takardar magani a hannu suna neman mai saya musu.